Ƙamshin lemo a cikin man wiwi: me ya raba tarfin na wiwi da na sauran tsirrai?

Wata magana ta fara yawo a bakin samarinmu na Jidda da Makka, musamman masu zuƙar sigarin lantarki, wanda a nan ake kira sahba. Suna ganin tallan wasu 'yan ƙananan kwalabe na man wiwi da ake sayarwa a Amurka da Kanada, a jikin kwalin an rubuta ɗaya daga cikin abu biyu: ko dai "da tarfin na wiwi", ko kuma "da tarfin na tsirrai". Sai yaro ya ɗauka na biyun yana nufin babu wiwi a ciki, ƙamshin lemo ne da mangwaro kawai. Wani ɗan 'yar'uwata ya taɓa tambayata da zuciya ɗaya, ya ce, "Kawu, idan daga tsirrai aka samo shi, ina laifinsa?" Tambayar ta cancanci amsa mai tsawo, domin a ƙarƙashinta akwai ilimi na gaske, akwai kasuwanci, akwai kuma hatsarin da ya fi tsanani a kanmu mazauna wannan ƙasa fiye da kan wanda ke zaune a Kalifoniya.

Tarfin suna ne na wani babban dangi na sinadaran da tsirrai ke haɗawa a jikinsu, kuma da yawa daga cikin ƙamshin da hancinmu ya sani daga gare su yake. Hel ɗin da ke cikin gahawa, na'ana'ar Madina, luban da ake turarawa bayan magariba, wardin Ɗa'ifa, itacen ar'ar na duwatsun Hada da Shafa, ɓawon lemo idan aka matse shi, duk tarfin ne ke magana a cikinsu. Tsiro yana yin su don kansa: wasu su kori ƙwari masu cin ganye, wasu su janyo ƙudan zuma, wasu su kare shi daga funfuna. An gano dubban ire-irensu, amma ginin duka ɗaya ne, wani tubali mai ƙwayoyin kabon 5 da ake jerawa. Idan tubali biyu ne, sinadarin ya zama marar nauyi, mai saurin tashi sama, irin na lemo da na'ana'a. Idan uku ne, ya yi nauyi ya daɗe, irin wanda ke cikin ud da kanumfari. Bajamushe Otto Wallach ya karɓi kyautar Nobel a 1910 a kan aikin da ya yi na warware wannan gini. Abin riƙewa tun daga nan shi ne, tarfin ɗin da muke ci muke shafawa kullum ba ya sa maye.

A jikin furen macen wiwi akwai wasu 'yan ƙananan gashi masu kan ƙwallo, masu danƙo. A cikinsu ne tsiron ke dafa abu biyu tare. Na farko dangin sinadaran da suka haɗa da THC, wanda shi ne mai juya ƙwaƙwalwa, da CBD, wanda ba ya bugarwa. Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni ne suka ware THC suka bayyana gininsa a 1964. Na biyu kuwa tarfin, wanda an ƙirga sama da iri 150 a cikin wiwi, kodayake 'yan kaɗan ne ke da yawa: mirsin, limonin, fainin, linalul, kariyofilin, humulin, tarfinolin. A busasshen fure duka tarfin ɗin ba ya cika wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100, alhali THC a irin da ake nomawa yanzu yakan kai kashi 20. Kuma a cikin manyan nan da na jera babu ko ɗaya da wiwi ya keɓanta da shi. Limonin shi ne sama da kashi 90 na man ɓawon lemon zaƙi. Linalul yana cikin huzama da raihan da kuzbara. Kariyofilin yana cikin masoro da kanumfari. Fainin yana cikin luban da ar'ar.

To me ya kawo zancen a zuba tarfin a cikin man wiwi, tunda tsiron yana da nasa? Dalilin yana masana'anta. Kamfanonin ƙasashen da suka halatta cinikin suna tatso man daga fure, su yi ta tace shi da zafi har sai THC ya kai kusan kashi 90. Zafin nan yana kore tarfin gaba ɗaya. Abin da ke saura wani mai ne mai kauri, mai danƙo, ba ƙamshi ba ɗanɗano, wanda ba ya gudana da kyau a cikin na'urar zuƙa. Dole a tsinka shi, dole kuma a ba shi ƙamshin da zai sa mai saye ya dawo. Sai a mayar masa da tarfin. Tambayar da ta raba kasuwar biyu ita ce daga ina za a samo shi.

Masu cewa daga wiwi suna tatso shi da tururi, ko su kama shi da sanyi kafin a fara tace man, su ajiye, su mayar daga baya. Aiki ne mai cin kaya. Wani bincike da aka yi a Suwizalan a 1997 ya samu kusan lita 1.3 ta man ƙamshi daga tan guda na ɗanyen tsiro. Ga shi kuma marasa nauyin nan suna guduwa tun ana shanya fure, shi ya sa wasu ke daskarar da tsiron da zarar an yanke shi. Saboda haka yana da tsada, kuma girbin bana ba ya yin daidai da na bara, don ƙasa da rana da lokacin yanka duk suna canja shi. Idan an fesa wa gonar maganin ƙwari, yana iya biyo man. Yana kuma iya ɗauko ɓurɓushin THC. Akwai wata dabara ta 'yan kasuwa a nan: tun da dokar noma ta Amurka ta 2018 ta halatta noman nau'in wiwin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, da yawa daga abin da ake rubuta wa "na wiwi" daga wannan nau'in na masana'antu yake fitowa. Ba ƙarya aka yi ba, tsiron ɗaya ne a wurin masana, amma mai saye yana zaton an tatso masa ne daga furen da aka zana a kwali.

Na "tsirrai" kuwa tarihinsa bai kai hoton da ke jikin kwalin kyau ba. Limonin rarar masana'antun ruwan lemo ne na Barazil da Fulorida, daga ɓawon da aka matse. Fainin daga ƙaron itatuwan ƙasashen sanyi yake, galibi rarar masana'antun takarda. Mirsin, wanda ake zana masa mangwaro, yawancin na kasuwa ana samun sa ne ta hanyar gasa fainin da zafi mai tsanani har gininsa ya canja. Kariyofilin daga man ganyen kanumfari. Linalul kuma kaso mai yawa na wanda duniya ke amfani da shi haɗa shi ake yi a masana'anta. Kamfani zai kai furen wiwi ɗakin gwaji a auna masa adadin kowane tarfin, sannan ya sayo kowanne a durom, ya gauraya daidai da awon, ya sa wa haɗin sunan wancan furen. Yana da arha, kuma kwalbar yau daidai take da ta baɗi.

Duk wanda ya tashi a gidan masu sayar da turare ya riga ya san wannan rigima, ko da bai taɓa jin sunan tarfin ba. Ita ce rigimar da ke tsakanin man wardin Ɗa'ifa na asali da tarkiba. A watannin Maris da Afrilu ake tsinkar furen da sassafe a gonakin Hada da Shafa, a dafa shi a tukwanen tagulla, kuma sai an haɗa fure sama da dubu goma kafin a samu tola ɗaya. Idan aka auna man, mafi yawansa tarfin uku ne: sitironelol, jeraniyol da nerol, waɗanda ana samun su da arha daga wasu ciyayi. Mai haɗa tarkiba zai gauraya su daidai da awo, ya ba ka abin da kowa zai ce wardi ne. Amma miƙa wa tsohuwar da ta shekara arba'in tana sayen turare a Utaibiyya, za ta shinshina sau ɗaya ta mayar maka. Abin da hancinta ya rasa wasu sinadarai ne da ba su kai kashi 1 cikin 100 na man ba, irin su damasinon, wanda masana suka gano a man wardin Bulgeriya wajen 1970. Kaɗan ne ƙwarai a awo, amma hanci yana jin sa ko da ya yi ƙanƙantar da ba ta misaltuwa, kuma shi ke ɗauke da babban rabo na abin da muke kira ƙamshin wardi.

Haka lamarin wiwi ya kasance. Shekaru da yawa ana cewa tarfin ne ke ba shi warin nan nasa mai kama da na bodari. A 2021 wasu masu bincike a Kalifoniya, ƙarƙashin Iain Oswald, suka nuna cewa warin daga wasu sinadarai masu ɗauke da farar wuta yake, dangin waɗanda ke cikin tafarnuwa, kuma adadinsu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da tarfin. A 2023 suka ƙara da cewa furanni biyu na iya yin kusan daidai a awon tarfin amma ƙamshinsu ya yi nisa da juna, saboda waɗannan ƙananan abubuwa da wasu irinsu. Ya kamata mai karatu ya san cewa masu binciken ma'aikatan wani kamfani ne mai sayar da kayan ƙamshi ga masana'antar wiwi, don haka suna da riba a cikin zancen, sai dai an buga aikin a mujallar ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka, kuma ya dace da abin da aka riga aka sani game da wardi da gahawa da sauransu. Hukuncina a nan shi ne masu cewa na wiwi ya fi kama da ƙamshin tsiron suna da gaskiya. Amma fifikon nasa ya fito ne daga 'yan rakiyar da suka biyo shi daga fure, waɗanda da yawansu ma ba tarfin ba ne.

Masu sayar da na tsirrai su kuma suna da tasu hujjar, mai ƙarfi: sinadari ba shi da dangi. Linalul da aka ciro daga huzama da wanda aka ciro daga wiwi, in dai gininsu ɗaya ne, jiki ba shi da hanyar tambayar asalinsu. Wannan gaskiya ne, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana da ban sha'awa. Wasu sinadarai suna zuwa da siffa biyu, ta dama da ta hagu, ƙwayoyinsu ɗaya, jerinsu ɗaya, amma ɗaya juyin ɗaya ce. Akwai wani tarfin mai suna karvon: wanda ke ba na'ana'a ƙamshinta da wanda ke ba karawiya nata abu ɗaya ne a rubuce, siffar ce kawai ta juya, kuma babu mai hancin da zai rikita shayin na'ana'a da ruwan karawiya. Limonin ma haka yake. Na ɓawon lemo kusan duka na dama ne, mai ƙamshin lemo sosai. Awon da aka yi wa man wiwi ya nuna nasa ya fi karkata ga na hagu, wanda ƙamshinsa ya fi kusa da na ƙaro. Takardar gwajin da kamfanoni ke nunawa yawanci ba ta raba su, "limonin" kawai take rubutawa. Ke nan haɗin da aka kwaikwaya daga takarda yana iya cika awo ya kuma kauce wa asali.

Inda kuɗin gaske yake shi ne da'awar magani. Ana gaya wa mai saye cewa tarfin yana tafiya tare da THC ya gyara aikinsa: wai mirsin yana kawo barci, limonin yana faranta rai, fainin yana kare tunani daga mantuwa, kuma wai haɗin da tsiron ya yi da kansa ya fi na masana'anta aiki. Asalin ra'ayin wata takarda ce ta 1998 daga Shimon Ben-Shabat da Mechoulam, wadda ma ba a kan wiwi take ba, a kan wasu sinadarai ne da jikin dabba ke yi da kansa. Likita Ethan Russo ne ya faɗaɗa shi zuwa tarfin a wata maƙala ta 2011 da ta yi suna ƙwarai. Maƙalar tattara alamu ce da hasashen abin da ya kamata a gwada. Kasuwa ta ɗauke ta a matsayin hukunci.

Da aka zo gwaji, sakamakon ya rarrabu. Jikinmu yana da wasu ƙofofi biyu da sinadaran wiwi ke ƙwanƙwasawa, CB1 wadda ta fi yawa a ƙwaƙwalwa, da CB2 wadda ta fi yawa a garkuwar jiki. A 2008 Jürg Gertsch da abokan aikinsa suka nuna cewa kariyofilin yana buɗe CB2, kuma wannan ya tabbata. Amma a 2019 masu bincike a Sidni ta Ostireliya, da wasu a Jami'ar Otago ta Niyu Zilan a 2020, suka gwada manyan tarfin na wiwi a kan waɗannan ƙofofi ba su ga sun canja aikin THC ba. A 2021 wani gwaji a kan ɓeraye a Jami'ar Arizona ya ga wasu tarfin suna rage jin zafi, amma da allura aka ba su, kuma da yawan da mai zuƙa ba zai taɓa samu ba. Gwajin da ya fi jan hankali a kan mutane shi ne na Jami'ar Johns Hopkins a 2024, mutum 20 kacal, inda aka ga limonin ya rage fargaba da firgicin da THC ke jawowa. Sai dai an fi ganin tasirin ne da aka ba da miligiram 15 na limonin tare da 30 na THC, rabon da ya ninka abin da ke cikin fure sau da yawa. Kuma limonin ɗin na dama ne, irin na ɓawon lemo.

Wannan batu na ƙarshe ya fi kowanne muhimmanci a wurina, kuma ban cika jin ana faɗarsa ba. Kusan duk hujjar da masu sayar da tarfin "na wiwi" ke kafawa da ita an samo ta ne da tarfin ɗaiɗai, tatacce, wanda aka sayo daga kamfanin sinadarai, wato ainihin kayan da suke kushewa. Gwajin da zai ba mutane man THC iri ɗaya, rabi da tarfin na wiwi rabi da na tsirrai, ba tare da sun san wanne suka samu ba, ya kuma nuna ɗaya ya fi ɗaya magani, shi ne abin da kasuwar ba ta kawo ba. Har rabon nan da ake yi na indika mai sa barci da satiba mai sa kuzari bai tsira ba: a 2022 aka duba awon samfuri kusan 90,000 daga jihohi 6 na Amurka, aka ga sunayen ba su bin sinadaran da ke ciki. Maganin wiwi da ya ci jarrabawar asibiti sosai, Epidiolex, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani, CBD ne tatacce a cikin man riɗi, ana ba da shi ta baki da awon likita.

Sai huhu. A nan rigimar asali ta faɗi gaba ɗaya, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci da masu talla. Suna cewa tarfin ɗinsu "na abinci ne", hukuma ta yarda da shi. Ta yarda a ci, ɗan kaɗan, ya bi ta ciki da hanta. Huhu ba shi da irin wannan kariya, fatarsa siririya ce da aka yi don iska. A 2017 masu bincike a wata jami'a da ke birnin Fotlan na Amurka, ƙarƙashin Robert Strongin, suka gasa mirsin da limonin da linalul a irin zafin da masu shan man wiwi ke amfani da shi, suka samu metakorolin mai ƙona hanyar numfashi, kuma da zafin ya ƙaru suka samu benzin, wanda sananne ne wajen jawo sankarar jini. Wuta ba ta tambayar ko mirsin ɗin daga wiwi ya fito ko daga itace. Bayan haka limonin da linalul idan suka daɗe suna shan iska sukan rikiɗe su zama masu tayar da ƙaiƙayi da kumburin fata, shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta wajabta rubuta sunansu a jikin turare da man shafawa. A tuna kuma da irin zafin da kaya ke sha a cikin motar da aka ajiye a rana a Jidda a watan Agusta. Arhar na tsirrai tana da nata sharrin, domin abin da ba shi da tsada hannu ba ya jin nauyin zuba shi da yawa.

Mun riga mun ga abin da ke faruwa idan aka zuba "abin da ba shi da illa" a cikin man zuƙa. A 2019 wata cutar huhu ta ɓarke a Amurka tsakanin masu zuƙar man THC, yawancinsu matasa. Zuwa Fabrairun 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 2,807 da cutar ta kwantar a asibiti ko ta kashe, 68 daga cikinsu sun mutu. Babban abin da aka kama shi ne wani nau'in bitamin E mai maiƙo, wanda ake sa wa a man shafawa ana kuma haɗiyarsa lafiya lau, 'yan kasuwar bayan fage suka riƙa ƙara auki da shi. An same shi a ruwan huhun 48 daga cikin marasa lafiya 51 da aka gwada. Shi ba tarfin ɗin ƙamshi ba ne, amma darasin ya shafe su. A 2020 wasu shaguna a Kanada suka janye kayan da ke ɗauke da faitol, wanda shi ɗan dangin tarfin ne kuma yana cikin kowane koren ganye har da na wiwi, bayan gwaji ya nuna yana lalata huhun ɓeraye. A 2022 jihar Fensilbaniya ta Amurka ta ba da umarnin janye ɗaruruwan kayan zuƙa na wiwin magani saboda an sa musu abubuwan da ba a amince a shaƙa ba, kamfanoni suka garzaya kotu. Waɗannan ƙasashe ne masu lasisi da ɗakunan gwaji da masu sa ido.

Mu a nan babu ko ɗaya daga ciki, domin babu shagon da doka ta yarda ya sayar. Duk kwalbar man wiwi da ta iso hannun yaro a unguwar Hindawiyya ko Karantina ta hanyar fasa-ƙwauri ta zo, kuma kwali abu ne da kowa zai iya bugawa. Ko a inda ake da doka rubutun kwali ba abin dogaro ba ne. A 2017 aka sayi kayan CBD guda 84 ta intanet a Amurka aka auna, kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai awonsu ya dace da abin da aka rubuta, kuma an samu THC a cikin 18. A 2024 masana a Jami'ar Bath ta Ingila suka gwada sigarin lantarki 596 da aka ƙwace a makarantu 38, suka tarar kusan ɗaya cikin shida yana ɗauke da wiwin roba da ake kira sifayis, wanda ke sumar da yara, alhali masu THC na gaske ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Ƙamshin mangwaro ko lemo shi ne ke rufe duk wannan. Aikin da tarfin na tsirrai ke yi a kasuwar bayan fage ke nan, ya ɓoye wa hancin uwa abin da da ta gane tun daga ƙofar ɗaki.

Game da addini, malamai ba su rataya hukunci a kan ƙamshi ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce duk mai sa maye haramun ne, kuma tun zamanin Ibn Taimiyya aka sa hashish a wannan babi. Limonin na lemo halal ne a sabulu da alewa da turare, kuma iyaye kada su firgita don sun ga sunansa ko na linalul a jikin kwalbar turaren ɗiyarsu. Amma zuba shi a cikin mai mai THC kashi 90 bai taɓa THC ɗin da komai ba.

Doka ma haka take kallon abin. Dokar Saudiyya ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta shekarar 1426 bayan Hijira, wato 2005, ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 ga wanda aka kama da kaya don shan kansa, da kora daga ƙasa ga wanda ba ɗan ƙasa ba bayan ya gama wa'adinsa. Fasa-ƙwauri yana iya kai wa ga hukuncin kisa, kuma an koma zartar da shi a kan laifukan ƙwaya tun Nuwamban 2022. Ƙuri'ar da aka kaɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya a Disamban 2020, wadda ta cire wiwi daga jerin mafi tsanani na yarjejeniyar 1961, ba ta halatta shi ba, ba ta kuma canja dokar kowace ƙasa ba. Wuri ɗaya ne kawai bambancin asali ke da nauyi a gare mu, wato kwalbar tarfin zalla da babu man wiwi a ciki. Idan na lemo da kanumfari ne tsantsa, babu THC a cikinsa. Idan kuwa an rubuta daga wiwi aka tatso, to ruwan haramtaccen tsiro ne, yana iya ɗaukar ɓurɓushin da na'urar kwastan za ta gani. Wato wanda ake sayarwa da tsada a can saboda ya fi "asali" shi ne ya fi hatsari a filin jirgin Jidda. Ni dai ko na farkon ba zan ba kowa shawarar ya yi odarsa ba muddin akwai hoton ganyen a jiki.

Abin da ya sa na tsawaita shi ne halin da yawancinmu ke ciki. Akwai yaran da a Makka aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, amma iƙama suke riƙe da ita, wasu ma ko ita babu. Ɗan ƙasa idan ya gama zaman kaso gida zai koma. Namu tarhil za a yi da shi zuwa Kano ko Damagaram ko Yamai, garin da bai taɓa takawa ba, ya bar uwa da ƙanne a Shari Mansur. Wannan shi ne farashin da ke bayan kalmar "na tsirrai", kuma mai tallan da ke Amurka bai san da shi ba.

Ga iyayen da suka riga suka tsinci irin wannan kwalba a aljihun ɗansu, dokar nan ta 1426 tana da wata ƙofa da mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 42 ya ce ba za a gurfanar da mai shaye-shaye ba idan shi da kansa, ko iyayensa, ko matarsa, ko wani danginsa ya zo neman a yi masa magani, da sharaɗin a miƙa abin da ke hannunsa ko a nuna inda yake. Asibitocin Irada, waɗanda a da ake kira Amal, su ke karɓar irin waɗannan a Jidda da Riyad da Dammam da wasu biranen. Idan kuma yaron ya fara tari, ko numfashinsa na sarƙewa, ko ƙirji na ciwo tare da zazzaɓi ko amai bayan ya yi zuƙa, a kai shi sashen gaggawa a ranar, a kuma gaya wa likita ainihin abin da ya zuƙa, domin wannan cutar ta huhu tana kama da nimoniya a hoto kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.